Idon Maƙwabci: Gadi Ne ko Sa Ido?

Gabatarwa

Wani malaminmu ya taɓa ce mana a aji, in kana son sanin abin da ya dami wata al'umma, to ka ƙirga yawan sunayen da ta raɗa wa abu guda. Na ɗauki wannan magana na gwada ta a kan aikin da idon mutum yake yi a kan maƙwabcinsa, sai na tarar Bahaushe ya raba kalmomin gida biyu. A gida ɗaya akwai lura, da kula, da gadi, da tsaro, da sintiri, kuma duk wanda aka ce yana yin su an yabe shi ke nan. A ɗaya gidan kuwa akwai sa ido, da leƙe, da tsegumi, da bin diddigi, da shisshigi, waɗanda ba mai son a jingina masa ko ɗaya daga cikinsu. Abin mamaki shi ne, ido ɗaya ne yake yin ayyukan nan duka, daga kan dakali ɗaya, yana kallon ƙofar gida ɗaya. Dattijon da ya hango baƙuwar fuska tana zagaya garken maƙwabcinsa ya yi magana, sai a ce ya kyauta. Dattijon nan dai, in ya ƙirga sau nawa 'yar maƙwabcin ta fita yau, sai a ce ɗan sa ido ne.

To, ina iyakar take? Yaushe ne kallon maƙwabci yake zama hakkin da ya wajaba a kanmu, yaushe kuma yake zama zalunci? Da a ce wannan tambaya ta zauren muhawara ce kurum, da ban dami mai karatu da ita ba. Amma a garuruwanmu yau ana rasa rai saboda wani ya gani ya yi shiru, ana kuma rasa rai saboda wani ya gani ya yi magana. Ni kaina na taɓa kusan zama sanadin na biyun, don haka bari in fara da nawa laifin.

Abin da Na Gani da Idona

A shekarar 2022, sa'ad da malaman jami'o'i suka yi yajin aikin nan na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, na koma garinmu na zauna. Malamaina su yi mini aikin gafara, ba ƙorafi na zo yi ba. Garinmu ɗan ƙaramin gari ne a yammacin Jihar Katsina, irin garin da in akuyarka ta ɓata da hantsi, kafin azahar wani yaro ya jawo maka ita, ya kuma gaya maka gonar wa ta yi wa ɓarna. Daji bai yi mana nisa ba. Tun a 2021 gwamnatin jiha ta hana sayar da man fetur a jarka, ta dakatar da cinikin dabbobi a waɗansu kasuwanni, aka kuma katse layukan waya na 'yan watanni a ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa, duk don a toshe wa ɓarayin daji hanyar samun abin masarufi. A wancan lokaci ba kalmar da ta fi "infoma" nauyi a bakin mutane.

Cikin damina wani magidanci, mai kimanin shekara hamsin, ya kama hayar shago a gidan da yake kallon namu. Daga wani ƙauye ya zo wanda mutanensa suka watse, kuma irinsa suna da yawa a garin, saboda haka ba wanda ya kula shi. Sai dai shi ba ya zaman majalisa, in an idar da salla takalminsa ne na farkon barin ƙofar masallaci. Ni kuma ɗakina a zaure yake, ina raba dare ina karatu. Sau uku na gan shi ya ɗaure buhu a bayan babur ɗin aro bayan isha'i, ya nufi hanyar yamma, ya dawo kafin asuba ba buhun. Da na kai maganar teburin mai shayi, ba don tsoro na kai ta ba, na kai ta ne don a san ni ma na san wani abu. Mai shayi ya ce ai kuwa yakan sayi burodi ashirin a tashi ɗaya. Mai kanti ya ce yakan sayi katin waya da maganin ciwon kai fiye da bukatar mutum guda. Kafin la'asar labari ya gama gari, ya kuma yi ƙiba a hanya, har an ce an ga bindiga cikin buhun.

Allah ya taimake ni, na kuma yi maganar a gaban kawuna, shi kuwa bai ce mini uffan ba, ya sa takalmi ya nufi gidan mai unguwa. Da magariba, sa'ad da samari suka taru da gora da adda, sai suka tarar mai unguwa ya riga ya aika an kira mutumin, ya shigar da shi zaurensa, shi kuma ya shimfiɗa buzu a bakin ƙofa ya zauna.

Wani daga cikinsu ya ce, "Baba, a ba mu shi. Infoma ne, an gan shi."

Mai unguwa ya ce, "Wa ya gan shi?"

Aka nuna ni. Ya ce, "Kai ɗan boko, matso nan. Me ka gani da idonka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ga ya fita da buhu a kan babur sau uku, ya dawo ba buhun."

"Ka ga inda ya kai shi?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ka ga bindiga?"

"Ban gani ba."

Ya dubi taron ya ce, "To, kun ji iyakar abin da aka gani. Sauran wa ya ƙara?" Wuri ya yi tsit.

A daren nan, gaban mai unguwa da liman da kawuna, mutumin ya faɗi gaskiya. Burodin nan daji yake kai shi. 'Yarsa mai shekara goma sha huɗu tana hannun ɓarayi mako biyar ke nan. Ya sayar da gonarsa da shanun huɗarsa ya biya wani abu, sauran bai samu ba, su kuma suka ce in yana son yarinyar ta ci abinci, to ya riƙa kawowa. Sun kuma gargaɗe shi cewa suna da kunnuwa a cikin gari, shi ya sa bai amince wa kowa ba. Kashegari mai unguwa da dagaci suka raka shi wurin hukuma suka tsaya masa shaida. Ran Juma'a aka yi masa karo-karo a masallaci. Bayan makonni yarinyar ta dawo, kuma kafin sati ya zagayo ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Ya zo ya yi wa kawuna ban kwana, ni kuwa ko inda nake bai duba ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Mai karatu ya lura, zatona bai zama ƙarya ba. Lalle mutumin yana kai wa ɓarayi kaya. Duk da haka da an kashe shi a daren nan, da jininsa yana wuyana. Wannan shi ne ƙullin da nake so mu warware tare.

Ganuwa da Katanga

Kakanninmu bango iri biyu suka gina. Na farko shi ne ganuwa, irin wadda ta kewaye Kano da Katsina da Zariya, mai ƙofofi, kowace da Sarkin Ƙofarta, ana rufewa in dare ya yi, baƙo kuma ba ya shiga sai an san da shi. Na biyu shi ne katangar gida, ko danga, ko darni, gwargwadon ƙarfin mai gida. Wanda ya dubi ginin zaure zai ga ba a saita ƙofar waje da ta ciki, don kada wanda yake tsaye a titi ya hango tsakar gida, kuma baligi ba ya wuce zaure sai da sallama da izini. Watau mutanen da suka tsare gari daga abokan gaba, su ne kuma suka tsare gida daga idon gari. Ba su ga saɓani tsakanin abubuwan nan biyu ba.

Haka nan sha'anin baƙo. Baƙo yana da mai masauki, mai masauki ya sanar da mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci, dagaci ya kai ga hakimi, hakimi ya kai ga sarki. Fatakenmu sun tafi da wannan tsari har zangon Kumasi da Sabon Ibadan, inda mai gidan da ya sauke baƙo shi ne yake amsa tambaya a kansa. Amfanin tsarin shi ne magana tana da hanyar da take bi, kuma a kowane mataki akwai mutum sananne wanda za a kama in ta zama ƙarya.

Ba ina nufin zamanin da ba shi da aibu ba ne. Waɗanda suka riƙe katin jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, sun san yadda hanyar nan ta kai rahoto ta zama hanyar kai ƙarar talaka mai ra'ayi dabam, sun kuma san bulalar 'yan doka. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta haɗe 'yan dokan En'e cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zare ragamar mulki daga hannun sarakuna. Mai unguwa ya rage da girmansa amma ba iko a hannunsa, ɗan sanda kuwa yana da iko amma sau da yawa baƙo ne a garin, bai san ɗan wane da jikan wane ba. Cikin wannan giɓi ne 'yan banga da 'yan sintiri da 'yan sa-kai suka tsiro.

Laifin Mai Shiru

Akwai masu cewa mafita ita ce kowa ya ji da abin da yake gabansa. Wannan magana tana da daɗin ji a bakin wanda bai taɓa kwana a kan rufin ɗaki yana sauraren ƙarar babura ba. Zaman lafiyar unguwa kamar rijiyar unguwa yake, kowa yana sha, saboda haka wanda ya ga ana zuba mata guba ya ce ba ruwansa ya ci amanar duk masu sha, har da 'ya'yansa. Bahaushe ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, ni kuwa ina ganin wanda ya fi hankali shi ne wanda ya fara watsa ruwan a gemun ɗan'uwan.

Tarihinmu ya nuna haka. A unguwar 'Yan Awaki ta Kano, mutanen Muhammadu Marwa Maitatsine sun yi shekaru suna taruwa, suna mamaye filaye da gidajen maƙwabta, maƙwabtan suna kuka. Sai a Nuwamban 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya rubuta masa takardar wa'adi, a Disamba kuma faɗa ya ɓarke, kuma kwamitin binciken da Mai Shari'a Anthony Aniagolu ya shugabanta ya ƙirga mamata sama da 4,000. A nan ido ya gani, baki ya faɗa, kunnen hukuma ne ya yi nauyi. A Maiduguri kuwa, a 2013, samarin da ake kira 'yan ƙato da gora ne suka tashi suna nuna wa sojoji 'yan Boko Haram a unguwanninsu, domin su suka san fuskoki, soja bai sani ba, kuma wannan yana cikin abin da ya fitar da ƙungiyar daga cikin birnin.

Har a ƙasar Amurka, wata marubuciya mai suna Jane Jacobs ta kafa hujja a 1961 cewa abin da ya fi tsare titi shi ne idanun masu kantuna da mazauna unguwa waɗanda suke kallonsa dare da rana. Tsohuwa mai ƙosai a bakin layinmu ba ta karanta wannan littafi ba, amma ta daɗe tana aiki da shi. Bisa ga haka, ba na cikin masu cewa a runtse ido.

Laifin Mai Ido

Amma fa mu tambayi kanmu, idan muka ce mun ga "abin tuhuma", me muka gani? Sau da yawa abin da ba mu saba da shi ba kurum muka gani. Mutumin da yake fita tsakar dare yana iya zama ɓarawo, yana kuma iya zama mai jinyar matarsa a asibiti, ko mai gadin wani kanti, ko wanda bashi ya hana shi fita da rana. Masu uzuri irin waɗannan sun fi ɓarayi yawa nesa ba kusa ba, saboda haka garin da ya mai da kowane baƙon abu laifi zai fi cutar masu gaskiya.

Daɗin daɗawa, idon tuhuma ba ya raba kallonsa daidai. Ba mai ƙirga buhunan da suke shiga gidan attajiri mai ƙofar ƙarfe. Wanda ake kallo shi ne baƙo, da ɗan gudun hijira, da Bafulatanin da ya shigo cin kasuwa, da bazawarar da take zaune ita kaɗai, watau wanda ba shi da mai tsaya masa. A Zamfara, kisan da waɗansu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni da hanyoyi ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka mai da satar shanu ta koma gabar ramuwa, kuma talakawan ɓangarorin biyu ne suka biya.

Mu ɗalibai ya kamata mu riƙa tuna garin Aluu na Jihar Ribas. A ranar 5 ga Oktoban 2012, ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal suka je karɓar bashi, aka yi musu ihun ɓarayi, jama'a suka yi musu duka suka ƙone su, ana ɗauka da waya. A 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa, har da sajan na 'yan sanda, amma hukunci bai dawo wa iyaye da 'ya'yansu ba. A Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan sintiri suka tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan arewa masu komawa Kano yin salla, suka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16. Duk arewa ta yi kuka, kuma kukan yana kan hanya. Sai dai mutanen Uromi su ma tsoro ne ya cika musu ciki, irin tsoron da ya tara samarin unguwarmu a ƙofar mai unguwa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kada kuma a ce rashin ilmi ne ko rashin tsari. A Amurka tun 1972 aka mai da gadin unguwa tsari na ƙasa baki ɗaya, mai ƙa'idar cewa ka gani ka kira 'yan sanda. Duk da haka a Fabrairun 2012, a garin Sanford na Jihar Florida, wani mai gadin unguwa, George Zimmerman, ya ga yaro baƙar fata mai shekara 17, Trayvon Martin, yana dawowa daga kanti, ya zarge shi, ya bi shi, daga baya ya harbe shi ya mutu, kotu kuma ta sallame shi a 2013.

Da can karin maganar nan da ake cewa zato zunubi ko da ya zama gaskiya takan ɗaure mini kai. Ta yaya gaskiya za ta zama zunubi? Sai a ƙofar mai unguwa na gane. Mai zato yakan dace da rabin gaskiya, sa'an nan ya yanke hukunci kamar ya san dukanta. Na san buhun, ban san yarinyar ba.

Ina Iyakar Take?

Malaman da suka gabace mu sun yi wannan tunani. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta jero hani uku, da yawan zato, da binciken asirin mutane, da cin namansu a bayan ido, kuma a jere haka abin ya faru a unguwarmu. Alƙali Al-Mawardi, wanda ya rasu a Bagadaza a 1058, da ya zo bayanin aikin mai hisba, sai ya hana shi bin diddigin laifin da aka ɓoye a cikin gida, amma ya yi togiya da ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, alal misali amintaccen mutum ya ba da labari cewa wani ya keɓe da wani don ya kashe shi. Bayan shekara ɗari takwas, a 1859, wani Baturen Ingila, John Stuart Mill, ya kafa hujja cewa jama'a ba su da ikon tilasta wa mutum sai don hana shi cutar da waɗansu, ya kuma yi gargaɗi cewa bakin jama'a yakan fi dokar gwamnati danniya. Mutanen nan biyu sun sha bamban a abubuwa da yawa, amma dukansu sun bambanta cuta da aibu.

Daga nan, da kuma abin da na koya a bakin zaure, na tsamo ma'auni huɗu. Na farko, me kake kallo? In abin da kake tsoro cuta ce da za ta faɗa wa rai ko dukiyar wani, kallonka gadi ne. In kuwa aibun mutum ne wanda ya tsaya a bayan katangarsa, kallonka sa ido ne, ko da ka sa masa rigar kishin gari.

Na biyu, me ka faɗa? Tilas mutum ya raba abin da idonsa ya gani da abin da zuciyarsa ta ƙara. Tambayoyi 'yan kaɗan mai unguwa ya yi mini, bindigar da gari ya cika da labarinta ta ɓace.

Na uku, wa ka gaya wa? Magana ɗaya na yi a wuri biyu. Wadda ta bi ta kan kawuna ta ceci mutumin, wadda ta bi ta teburin mai shayi ta tara masa gora. Yanzu kuma teburin mai shayi ya shiga aljihun kowa, domin saƙon WhatsApp yakan zagaye gari kafin mai unguwa ya gama naɗa rawaninsa. A gaya wa wanda zai iya bincike, wanda kuma za a iya tuhuma in ya yi kuskure. Taron jama'a ba ya bincike, in an watse kuma ba wanda zai ce shi ne.

Na huɗu, ina ka tsaya? Mai gani shaida ne. Ranar da shaida ya zama shi ne alƙali, shi ne kuma hauni, to ba sauran shari'a a garin, kuma gobe in an nuna shi da yatsa ba inda zai kai kuka.

Akwai kuma wani abu a ƙarƙashin huɗun nan wanda ya fi su ci mini rai. Mutumin nan ya yi sama da wata guda a gabanmu. Mun ƙirga burodinsa, mun san lokacin fitarsa da na dawowarsa, amma ba wanda ya taɓa tsayar da shi ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Ina iyali?" Da ɗayanmu ya kai masa ƙwaryar tuwo a makon farko, watakila da mun ji labarin yarinyar daga bakinsa. Ina ganin wanda bai taɓa duba maƙwabcinsa da idon tausayi ba, hakkinsa na duba shi da idon tuhuma ragagge ne. Kalmar kula ma ai ma'ana biyu gare ta, lura da mutum da kuma ɗaukar nauyinsa, mu kuwa mun riƙe ta farko mun yar da ta biyu.

Wata Hujja Mai Nauyi

Na san abin da waɗansu 'yan'uwana za su ce, domin an faɗa mini shi a ɗakin kwananmu. Za su ce, ka ce a kai wa hukuma, to in an kai mutum yau, jibi aka gan shi yana yawo a kasuwa, ya kuma san wanda ya kai shi fa? Wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma ita ce take tura mutanen kirki ɗaukar doka a hannu. Za su ƙara da cewa burodin da mutumin nan ya kai, ba 'yarsa kaɗai ta ci ba, waɗanda suka ci ƙila su ne suka auka wa wani ƙauye daga baya. Wannan ma gaskiya ce, ban kuma ce abin da ya yi ba shi da illa ba.

Amsata ita ce, raunin hukuma dalili ne na a matsa mata, a kafa hanyar kai rahoto wadda za ta rufa wa mai kawowa asiri, a kuma ƙarfafa masu unguwanni. Bai zama dalilin mu koma abin da muke gudu ba. Jihar Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024, kuma shigar da 'yan sintiri ƙarƙashin doka da horo ya fi barin su sakaka. Amma kaki ba ya amsa tambayoyin nan huɗu, wanda yake cikin kakin ne zai amsa su. Game da mai kai burodi kuwa, ko da yana da laifi, auna laifin uban da aka riƙe wa 'ya aikin mai natsuwa ne wanda ya ji ta bakinsa. Taron da ya zo da adda bai zo aunawa ba.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, yawancinmu daga irin garuruwan nan muka fito, kuma in mun koma hutu maganarmu tana da nauyin da ba mu sani ba, domin ana cewa ɗan jami'a ne ya faɗa. Ni na sayar da tawa a kan kofin shayi, saura kaɗan wani ya biya da ransa. Ban daina kallon titi ba, har yanzu in na je gida a zaure nake kwana, kuma in na ga abin da ya tsorata ni zan faɗa. Sai dai yanzu nakan fara da gaisuwa, in kuma magana ta kama, ƙofar mai unguwa nake nufa, in faɗi iyakar abin da na gani, in ja bakina.

Nan zan dakata. Ban ce na ƙure zancen ba, kuma wanda ya ga inda na karkace, musamman cikin waɗanda abin ya taɓa gidajensu, filin mujallar nan a buɗe yake, sai ya gyara mini a fitowa ta gaba.